Yadda za ka dawo wa tsohuwar mota da ƙarfin tashi daga tsaye

Akwai motar da idan ta hau babban titi ta miƙe, ba ka da abin cewa a kanta, amma da zarar ta tsaya a danja aka ba da hannu, sai ta zama wata aba daban. Ka taka totur, inji ya yi gurnani, ita kuwa ta yi jim, ta ɗan shaƙe, sannan ta soma jan jiki, na bayanka har sun fara danna maka hon. Yawancin masu irin wannan mota cewa suke tsufa ne, su haƙura. Wasu kuma su bazama neman salansa mai ƙara, ko wata 'yar na'ura da aka ce tana ƙara ƙarfi. A ganina duka biyun sun yi kuskure. Motar da ta shekara 20 ko 25 ba da wannan nauyin ta fito daga kamfani ba. Ƙarfin yana nan a da, zubewa ya yi kaɗan-kaɗan ta wurare da yawa, kuma mafi yawansa ana dawo da shi ba tare da an sauke inji ba. Sai an gama da wannan ake maganar ƙari.

Ya kamata ka fara sanin abin da ke tayar da mota. Ƙarfin dokin da ake rubutawa a takardarta yana fitowa ne sa'ad da inji ke juyi sosai, wajen 5,500 ko 6,000 a minti ɗaya. Kai kuwa a lokacin tashi, injinka tsakanin juyi 1,000 da 2,500 yake. Abin da ke aiki a nan shi ne ƙarfin murɗawar da inji ke bayarwa a ƙananan juyi. Giya ta ɗaya ta ninka shi, giyar aksul ta sake ninkawa, ya isa taya, taya ta tura ƙasa, nauyin motar kuma ya yanke hukuncin saurin da wannan turin zai haifar. Duk abin da zai taimake ka, to ko dai ya ƙara wa inji ƙarfi a ƙasa-ƙasa, ko ya hana ƙarfin ɓacewa a hanya, ko ya ƙara ninki, ko ya rage nauyi. Abin da bai yi ko ɗaya daga ciki ba, ƙara ce kawai.

Fara da awo

Kunne da jiki suna yaudarar direba. Mota in ta ƙara ƙara, sai ka rantse ta ƙara gudu. Don haka kafin ka taɓa ko da ƙusa ɗaya, nemi shimfiɗaɗɗiyar hanya da babu mutane, babu dabbobi, babu mahaɗa, inda doka ba ta hana ba. Ka bari inji ya yi zafinsa na aiki, ka kashe na'urar sanyi, wani ya riƙe agogon waya, ku auna lokacin da take ɗauka daga tsaye zuwa kilomita 60 a awa. Ba sai an kai 100 ba, domin abin da ke damunka yana farkon tafiya ne. Ku yi zuwa ku yi dawowa don iska da gangara su soke juna, ku rubuta. Bayan kowane gyara a maimaita a wuri ɗaya, da yawan mai kusan ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. Zafin rana yana rage wa iska kauri, haka ma tudu: injin da ba shi da tobo, wato fankar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau sama da teku.

Yayin awon, ka saurari yadda take gazawa, domin a nan rabin ganewar yake. Idan ta shaƙe na daƙiƙa guda sannan ta zabura, maganar mai da iska ce a lokacin buɗe totur. Idan juyin inji ya haura sama mota ba ta bi shi ba, kuloci ne ko giya. Idan ta tashi da kyau sannan ta toshe da juyi ya ƙaru, ka zargi salansa ko famfon mai. Idan tana fizga tana tari, wuta ce. Idan kuwa ko'ina sanyi-sanyi take ba tare da wata alama ba, ko dai akwai abin da ke riƙe ta, ko injin ne ya gaji.

Abin da ke riƙe motar

Da wannan nake son kowa ya fara, saboda a nan ne aka fi barin jaki a daki taiki: ana ta kwance kan inji alhali birki ne ya kama. A tsohuwar mota fistin ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, yana tsatsa, ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu su bushe, ko tiyon birki ya rufta ta ciki ya bar mai ya tafi amma ya hana shi dawowa. Wayar birkin hannu ma tana maƙalewa. Ka yi tafiyar 'yan kilomitoci ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da kowane wili, kada ka taɓa faifan. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi, ko yake warin ƙuna, shi ne ɓarawon. Ka ɗaga motar da jak, ka sa mata matokari, ka juya tayar da hannu. Ta baya a motar da ke ja da gaba ya kamata ta yi 'yan zagaye da kanta bayan ka sake ta. In ta tsaya cak da cire hannunka, an samo aiki.

Sai taya. Iskar da kamfani ya ƙayyade tana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tanki, kuma da sanyi ake aunawa. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Amma abin da ya fi iska illa shi ne girman taya. Mutane suna son manyan wili don kyan gani, ba su san sun sauya giyar motarsu ba. Taya mai lamba 195/65R15 tsayinta kusan milimita 635 ne. Idan aka musanya ta da 215/65R16, tsayi ya koma kusan 686, ƙarin kashi 8 cikin 100 ke nan. Kusan gwargwadon haka turin da ke isa ƙasa ya ragu a kowace giya, ga kuma nauyin babban wili da sai inji ya juya shi kafin ya tura mota. Komawa ga asalin girman taya yakan yi abin da kayan ƙari masu yawa ba su yi ba.

Ka buɗe but ka duba abin da kake yawo da shi. A motar da nauyinta kilo 1,200 ne, kilo 60 na tarkace kashi 5 cikin 100 ne, kuma da wuya ka sami gyaran inji mai sauƙi da zai ba ka kashi 5. Tayar safaya da jak dai su zauna a wurinsu.

Akwai kuma wani ɗan bincike na minti biyu da ake mantawa. Inji a kashe, ka cire tiyon iskar da ke shiga bakin totur, wani ya taka feda har ƙasa, kai kuma ka leƙa. Faifan da ke ciki ya kamata ya miƙe sosai, ka ga gefensa kawai. A motoci masu wayar totur, wayar tana saki da shekaru, sai ka ga feda na ƙasa amma faifan bai gama buɗewa ba. Akwai goro biyu a inda wayar ta zauna, da su ake ɗaure ta, a bar mata ɗan sako kaɗan don kada juyin tsaye ya hau. Wani lokaci ma dardumar ƙasa ce ta dunƙule a ƙarƙashin fedar.

Shin injin na da sauran ƙarfi?

Kada ka zuba kuɗi a kan inji kafin ka san lafiyar cikinsa. Awon matsi shi ne hanyar sani. Inji da ɗumi, a cire fulogai duka, a tsayar da wuta da mai, a buɗe totur gaba ɗaya, a ɗaura agogon awo a kowace silinda a yi sitata. Adadin da ake so yana littafin motar, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne silindojin su yi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata ɗan bakin mai kamar cokalin shayi ta ramin fulogi a sake aunawa. Awo ya tashi, ringi ne suka ci. Bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Silinda biyu maƙwabta su faɗi tare, galibi gasket ne ya ƙone tsakaninsu. A injinan da ake saita bawul da hannu, a duba tazararsu kafin a yanke hukunci, domin bawul ɗin da ya matse ba ya rufewa sosai, matsi ya riƙa gudu ta nan.

Agogon awon zuƙa kuwa, mai auna ƙarfin da inji ke zuƙar iska da shi, ƙaramin abu ne amma yana faɗin gaskiya. A haɗa shi da wata kafa a bayan totur. Lafiyayyen inji a tsaye yakan nuna inci 17 zuwa 22 a ƙasa mai kusa da teku, allura a tsaye ba rawa. In awon ya yi ƙasa amma allura ba ta rawa, ko taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya makara ko iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. In tana faɗuwa tana tashi a kai a kai, bawul ne. Sannan ka riƙe inji a juyi 2,500 ka zuba ido. Idan allurar ta soma sauka a hankali alhali ƙafarka ba ta motsa ba, hayaƙi ba ya samun hanyar fita. Matatar hayaƙin da ke gaban salansa ta narke ko ta farfashe ta toshe. Canza ta ake yi, kuma a nemo abin da ya kashe ta, domin yawanci fulogin da ba ya wuta ne ko mai da ya yi yawa. Fasa ta a zubar da cikinta laifi ne a ƙasashe da yawa, yana rikita sensar da ke bayanta, kuma hayaƙin mutanen da ke bayanka ne za su shaƙa.

Iska, wuta da mai

Filtar iska ba ta buƙatar dogon bayani. Ka ɗaga ta ga haske, in haske ba ya ratsawa, canza. Abin da ke buƙatar haƙuri shi ne tiyon roba da ke tsakanin filta da totur. Ka lanƙwasa shi da hannu ka duba cikin kowace lauje, ta ƙasa musamman. Tsagar da ke wurin takan rufe sa'ad da mota ke tsaye, amma da ka taka totur inji ya karkata a kan kujerunsa, sai ta buɗe, iskar da sensa ba ta ƙirga ba ta shiga, mota ta shaƙe daidai lokacin tashi. Mai neman matsalar da mota a tsaye ba zai taɓa ganinta ba.

Sensar awon iska da ke bayan filta tana da siririyar waya da ƙura da maiƙo ke rufewa, ta riƙa gaya wa kwamfuta iskar ba ta kai yadda take ba. Akwai feshi na musamman da aka yi dominta. A fesa daga ɗan nesa, a bar ta ta bushe, kada a taɓa wayar da komai. Bakin totur ma a wanke baƙin da ya taru a gefen faifai. Sensar da ke faɗin matsayin totur a yawancin motoci ƙarfin lantarkinta yana tashi daga kusan bolt 0.5 a rufe zuwa kusan 4.5 a buɗe. Ka sa mita ka buɗe totur a hankali: lambar ta hau sumul. In ta yi tsalle ko ta faɗi a farkon buɗewa, inda ta fi gogewa tsawon shekaru, to ga dalilin shaƙewarka.

In motar na da kafar kwamfuta ta OBD-II, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996, a na fetur na Turai kuma tun 2001, ka sa na'urar karatu ko da fitilar inji ba ta kama ba. Ban da lambobin matsala, ka duba gyaran man da kwamfuta ke yi na dogon lokaci. Ya wuce ƙarin kashi 10 cikin 100, tana fama da ƙarancin mai ko satar iska. Ka duba zafin ruwan da take gani: sensar zafi mai ƙarya, ko motar da aka cire mata bawul ɗin da ke tsare zafin ruwa, takan sa kwamfuta ta ɗauka inji bai ɗumama ba har abada. Sensar ƙwanƙwasa ma, wadda ke jin ƙarar ƙas-ƙas a cikin inji, in ta lalace, motoci da yawa suna ja da taimin baya don kare inji, ƙarfin ƙasa ya tafi.

Fulogai su zama irin waɗanda littafin mota ya faɗa, da tazarar da ya faɗa. Masu tsada ba sa ƙara ƙarfi, daɗewa suke yi. Lokacin tashi ne matsin cikin silinda ke hawa farat ɗaya, a nan wuta mai rauni ke kasa tsallaka tazarar fulogi, shi ya sa kwayil ko wayar da ta gaji takan yi lafiya a tsaye ta gaza a tashi. Da dare, a wuri mai duhu, ka buɗe bonet inji na aiki, za ka iya ganin shuɗin tartsatsi na tsalle daga tsagaggiyar waya. Kallo kawai, hannu a aljihu.

A motar da ke da distiribita, taimin shi ne babban abu. Digiri kaɗan na makara ya isa ya kashe tashin mota. Da fitilar taimin ake saita shi a kan alamar kamfani, ba da kunne ba. A duba ƙaramin gwangwanin da ke gefen distiribita: ka zuƙi tiyonsa, farantin ciki ya motsa ya kuma tsaya. 'Yan ƙarafa masu nauyi da ke ƙarƙashin farantin, waɗanda ke gabatar da wuta idan juyi ya ƙaru, su ma suna tsatsa su maƙale. Wasu kanikawa suna ƙara digiri biyu a kan na kamfani, kuma wasu injina suna karɓa. Amma da ka ji ƙarar ƙas-ƙas daga inji a hawan tudu, ka mayar nan take, wannan ƙarar fistin take ci. In kuma motar ta yi sanyi ne tun ranar da aka canza bel ɗin taimin, a buɗe a duba alamomin, haƙori ɗaya na kuskure ya isa.

Mai kafireta, ga naka. Sa'ad da aka buɗe totur farat ɗaya, iska takan riga mai shiga, saboda mai ya fi ta nauyi. Don cike wannan giɓi aka sa wani ɗan famfo a jikin kafireta da ke tsarta fetur kai tsaye. Robarsa tana bushewa, ƙaramar kafarsa tana toshewa. Inji a kashe, cire murfin filta, leƙa maƙogwaron kafiretar da tocila, ka ja hannun totur. Ya kamata ka ga siririn fetur ya tsarto da ƙarfi tun daga farkon motsi. In ɗiga yake, ko sai an ja rabi yake fitowa, to ka gano abin da ke shaƙe motarka, kuma ƙaramin gyara ne. Kada ka taɓa leƙa wurin inji na aiki, wuta na iya dawowa ta nan. A duba tsayin mai a cikin kwanon kafireta, a kuma tabbata cok yana buɗewa duka in inji ya yi zafi.

Masu nozul kuwa, filtar mai da matsin famfo ne. Yawancin tsofaffin motocin fetur masu nozul suna aiki da matsi wajen 3 a ma'aunin bar. A sa agogo a ga ko yana faɗuwa in an taka. Nozul masu datti a cire su a wanke a kan na'ura, a ga feshinsu da ido. A injin dizal, filtar mai, iskar da ke shiga layin mai, bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji in ya maƙale a buɗe, da tsagaggen tiyon tobo su ne manyan waɗanda ake zargi.

Tsakanin inji da taya

Gwajin kuloci mai sauƙi ne. Kana tafiya a hankali a giya ta huɗu, ka taka totur har ƙasa. Idan juyin inji ya zabura gudun mota bai ƙaru ba, faifan ya ƙare ko mai ya jiƙa shi. A kuloci mai waya, a fara duba ko fedar na da ɗan sako a sama, don wayar da ta ɗaure da yawa tana hana shi kamawa sosai.

Otomatik ta fi wuyar sha'ani. Ka duba manta yadda littafi ya ce, a yawancin motoci da zafi, inji na aiki, a wuri mai daidai. Ja mai haske lafiya ne, baƙi mai warin ƙuna labari ne marar daɗi. Sannan ka ƙirga canjin giya daga tsaye. Motar da ke da giya huɗu ka ji ta canza sau biyu kawai, to mai yiwuwa ba da ta ɗaya take tashi ba. Wata matsalar lantarki takan sa akwatin giya ya kulle kansa a ta biyu ko ta uku don kare kansa. Wani lokaci kuma maɓalli ne kawai: wasu Mercedes suna da W da S kusa da sandar giya, W kuwa da giya ta biyu take tashi saboda santsin ƙanƙara, wasu Toyota ma suna da maɓallin tashi da ta biyu. A tsofaffin akwatuna akwai wayar da ta taho daga totur zuwa giya, in ta saki sai giya ta riƙa canzawa da wuri, matsin mai ya ragu, faifan ciki su riƙa zamewa.

Akwai alama guda da ta keɓanta da tulun da ke haɗa inji da akwatin giya. A cikinsa akwai wata fanka mai juyi gefe ɗaya, ita ke ninka ƙarfi kusan sau biyu a lokacin tashi. In maƙullinta ya saki, mota takan yi nauyi ƙwarai daga tsaye amma ta yi lafiya lau a kan babban titi. Ana tabbatarwa da gwajin tokare: a sa duwatsu a tayoyi, a ja birkin hannu, a danne birki da ƙarfi, a sa D, a taka totur har ƙasa a karanta juyi. Kada ya wuce daƙiƙa 5, domin man giya yana zafi nan da nan, kuma bayansa a bar inji ya yi aiki a N na minti ɗaya ko biyu. Juyi ya gaza na littafi sosai, inji ne mai rauni ko fankar nan. Ya zarce, giya ce ke zamewa. Wanda bai saba ba ya bar wa bakaniken giya wannan gwajin.

In an gama gyara, kana son ƙari

Yanzu ka sake awo. Da yawa a nan suke tsayawa, don motar ta dawo hayyacinta. Wanda ke son fiye da haka, babu abin da ya kai canza giyar aksul tasiri a tashi, musamman a motar da ke ja da baya. Daga 3.08 zuwa 3.73 ƙarin kashi 21 cikin 100 ne na turi a taya, ba tare da an taɓa inji ba. Farashinsa a fili yake: a gudun da inji ke juyi 2,500 a da, yanzu zai yi kusan 3,000, mai zai ƙaru a doguwar tafiya, ƙara ma haka, kuma agogon gudu na iya buƙatar gyara. Dole gwani ne zai saita haƙoran, in ba haka ba aksul zai yi ta kuka har ya ci kansa. A mota mai ja da ƙafa huɗu, gaba da baya ake canzawa tare.

Wili marasa nauyi a asalin girman suna taimakawa. Filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, in marar nauyi ne yana sa inji ɗaukar juyi da sauri a giya ta ɗaya, sai dai motar takan riƙa mutuwa da sauƙi in ana sakin kuloci, kuma mai yawo cikin cunkoso zai gaji da shi.

Sauran kayan da ake tallatawa, yawancinsu a sama suke ba da ƙarfi, su karɓe a ƙasa. Bututun salansa mai faɗi fiye da kima yana rage saurin fitar hayaƙi a ƙananan juyi. Kamshaf na tsere, wato sandar da ke buɗe bawul, yana tura ƙarfin zuwa juyin da ba ka kaiwa a danja. Buɗaɗɗiyar filta da aka ɗaura cikin ɗakin inji iska mai zafi take zuƙa, alhali akwatin kamfani daga waje yake jawo mai sanyi. Maganaɗisun da ake liƙawa a tiyon mai, da 'yan akwatunan da ake soka wa sensa, da fankar lantarkin da ake sa wa a tiyon iska, ban ba ka shawarar ko ɗaya ba. Gyaran manhajar kwamfuta yana ba da ƙari na gaske a inji mai tobo, a marar tobo kuwa ɗan kaɗan ne, kuma tsohon kuloci da tsohon lagireto ne za su ɗauki nauyin ƙarin. Duk motar da aka ƙara wa tashi, a tabbata birkinta da tayoyinta sun isa su tsayar da ita.

Ƙafar direba

A mai kuloci, ka ɗaga juyi zuwa wajen 2,000, ka saki feda zuwa inda ta fara kamawa, sannan ka ci gaba da saki kana ƙara totur a tare, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ƙafarka ta bar kuloci gaba ɗaya. Juyi ya yi ƙasa, inji ya durƙusa. Ya yi yawa, ko taya ta yi ta juyi a banza ko kuloci ya ƙone. A motar da ke ja da gaba nauyi yana komawa baya a lokacin tashi, tayoyin gaba su yi sako, don haka totur a hankali ake ƙara shi har sai sun kama. A otomatik, taka feda da niyya amma ba da duka ba, musamman mai kafireta, wadda ta fi son a buɗe mata cikin rabin daƙiƙa. Kashe na'urar sanyi kafin shiga babban titi yana da amfani a ƙaramin inji, ko da yake motoci da yawa suna yanke ta da kansu in an ƙure totur.

Idan tayoyin gaba suka soma tsalle suna dukan ƙasa daf-daf, ɗaga ƙafa nan take. Wannan tsallen yana karya shaf, kuma yawanci alama ce kujerun inji ko robobin ƙafa sun mutu. Ka buɗe bonet, wani ya danne birki ya sa giya ya ɗan taɓa totur, kai kana tsaye a gefe, ba a gaban motar ba. In inji ya ɗaga sama sosai ko ka ji ƙwal, a canza kujerun kafin a sake wani gwajin tashi.